Bayan Gajimare da Cikinsa

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba turaku, yake kora gajimare inda ya ga dama, ya tsayar da shi inda ya so. Bayan haka, ku matso kusa, ku da kuka dame ni da tambayar abin da ke sa tsoho kamar ni fita bayan gari yana bin inuwa. Ni ne Anaruwa ɗan Nomau, mutumin Tungar Gwanki, can a ƙasar da ke bayan ƙafaffun koguna bakwai. Ana tsuga ruwa aka haife ni, kuma tun daga ranar, in ji uwata, ban yarda an ajiye ni wuri ɗaya ba.

Ba zan ɓoye muku halina ba. Ƙafar yawo gare ni. In na zauna gwiwata ce ke rawa, in aka ce in bari tuwo ya huce sai in ƙona harshe, kuma ban taɓa nome kunya guda har ƙarshenta ba. Ba wanda ya ɗauke ni a bakin komai, ni ma ban nemi a ɗauke ni ba.

To, sai tsohon Sarkin Noma ya rasu. Shi kaɗai ne a garinmu yake duban sama ya ce wannan ruwan na shuka ne, wancan a bar shi ya wuce, kuma ya tafi da saninsa domin babu wanda ya zauna ya tambaye shi. Shekara biyu a jere ruwan farko ya yaudare mu. A yi ruwa, mu fita da sungumi, gero ya tsiro kore shar, sai sama ta bushe kwana ashirin, rana ta ƙone shi muna ji muna gani. Kafin shekara ta uku, irin da ya rage a garin gaba ɗaya gora tara ne, gero shida, dawa uku. Dattawa suka damƙa su a hannun yayata Tabawa, don duk garin babu mai taurin ranta. 'Ya'yanta suna cin tafasa da dusa, suna kallon gorunan a rataye, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Shuka ɗaya ta rage mana. In ta ƙone, sai dai kowa ya ɗaure kayansa.

Wasu fatake suka ba mu labarin Dutsen Makiyaya, inda aka ce akwai mutanen da suka san gajimare ɗai-ɗai da sunansa. Kafin su rufe baki na miƙe. Jama'a suka yi dariya, wani ya ce dama dalilin tafiya nake nema, kuma bai yi ƙarya ba. Tabawa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta raka ni har gindin babban gawon da ke gabas da gari.

Ta ce, "Anaruwa, ka ga gawon nan? In ya fara kaɗe ganye, damina ta ƙarato. Zan iya riƙe mutane har ranar. Bayan nan ko ni ban san abin da hannuna zai yi ba."

Na ce, "Yaya, kafin ganye ɗaya ya faɗi kin gan ni."

Ta ce, "Ganinka ba shi nake so ba. Ka zo da abin da aka aike ka."

Na yi kwana arba'in ina tafiya kafin na gangara Kwarin Lumshi. A can gajimare kwance yake a ƙasa, suna kiransa Kwantau, fari fat, mai jiƙa riga ya bar ƙasa da ƙishi. Mutum ba ya ganin tafin hannunsa in ya miƙa. Saboda haka kowa a garin yana da igiya a ƙugu, ɗaya bakin a ɗaure jikin turken gidansu, kuma babu abin kunya a wurinsu kamar a ce baƙon wane ya ɓace. Wani maigida mai suna Tunau ya ci karo da ni, goshi da goshi, ya rungume ni, ya ɗaura mini igiya, ya ɗaure ɗaya bakin a wuyan hannunsa.

Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma kirkinsa ya kusa kashe ni. Na ce zan wuce, ya ce, "Haba baƙo, a cikin wannan? Bari ya ɗan washe." Na tambaye shi yaushe ya taɓa washewa, ya ce a zamanin kakansa an ce an ga rana sau ɗaya. Kwana tara ina kai da kawowa iyakar tsawon igiya, shi kuwa duk lokacin da ya ji na fizga sai ya yi dariya daga cikin ɗaki ya ce, "Madalla, baƙona yana nan." A nan dabara ta faɗo mini. Akwai wani bunsuru a gidan wanda bai fi ni natsuwa ba. Na kwance igiyar na ɗaura masa, na juya fuskata wajen da danshi ba ya bugowa, na yi ta tafiya. Har na yi nisa ina jiyo muryar Tunau yana cewa madalla. Na ji kunya, amma ban waiwaya ba.

Da na haura kwarin sai ga Filin Gishiri, fari, ba itace ba tudu, tafiyar yini uku. Rana a can ba ta da wasa, ƙasusuwan raƙuma ne alamar hanya. Ba a ƙetare shi sai a ƙarƙashin inuwar gajimare. Matafiya suna zama a bakin filin su jira wanda ya nufi inda za su, su shiga inuwarsa, su daidaita takunsu da nasa. Na tarar da ayarin wani madugu, Cindo, sun yi kwana shida suna jira, suna ta dara abinsu.

Da hantsi gizagizai suka fara wucewa. Akwai Furfura, siririya can ƙololuwa, wadda ba ta da inuwar da za ta rufe kaza. Akwai 'Yan Kaɗa, ƙanana farare, waɗanda ba su ɗauke da ko ɗigo. Sai ga wani ƙato ya taso yana cida, inuwarsa baƙa ƙirin, tana sheƙa gudu a kan gishiri.

Na ce, "Madugu, ga abin da kuke jira!"

Ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Samari, zauna. Ba namu ba ne."

Ni da zama! Na saɓa jakata na faɗa cikin inuwar. Da farko sassarfa nake, sannan gudu, sannan gudun ceton rai, bakin inuwar yana zame mini a gaba kamar zanen da ake ja. Kafin azahar ta bar ni. Na waiga baya ko akwai wani mai zuwa, sama fayau, babu ko ƙyalle. Takalmina ya fara narkewa. Da wuƙata na fasa ɓawon gishiri, na ɗaga kantu guda na jingina shi da sandata, na cusa kaina ƙarƙashi, na kwanta ina tuba ga Allah ina tuna gora tara.

Washegari da la'asar sanyi ya taɓa ƙafata. Na leƙo, sai ga ayarin Cindo suna tafe a hankali cikin wata inuwa mai faɗi, suna hira, wani ma yana cin gyaɗa. Bayan inuwarsu akwai wata, bayan wannan akwai wata, har iyakar gani. Cindo ya ɗura mini ruwa a baki.

Da na sami murya na ce, "Wannan ai rarrafe take yi."

Ya ce, "Jiran na baya take. Tashi mu je, kuma in ka wuce raƙumin gaba zan sa a ɗaure ka."

Yini uku na yi ina taka ƙasa kamar mai ciwon ƙafa. Ban taɓa shan azaba irin wannan ba, har da kwanciyar ƙarƙashin gishiri.

Dutsen Makiyaya kuwa, kwana goma sha ɗaya na yi ina hawa. Na ratsa ta cikin gajimare na fito ta samansa, sai na ga abin da ya tsayar da ni cak, ni da ba na tsayawa. Rana tas a bisa, a ƙasa kuwa gizagizai ne shimfiɗe har ƙarshen duniya, suna tafe garke-garke. Mutanen dutsen a nan ake haifarsu, a nan ake binne su, ba mai sauka. Ba sa kiwon komai, amma sun ce su makiyaya ne, don daga safe zuwa yamma suna zaune a bakin dutse suna duban garken da ke wucewa a ƙarƙashinsu.

Aka kai ni wurin babbarsu, wata tsohuwa mai haƙori biyu, Kaka Shekara. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne angon da aka kawo mini? Ƙafa duk faso, ido kamar na ɓarawon akuya."

Na ce, "Kaka, in kin koya mini da wuri sai in sake ki ki huta."

Ta yi dariya har da tari, ta nuna mini dutsen da zan zauna.

Wata uku na yi a kan dutsen nan, kuma ta koya mini da gaske. Ta nuna mini Zabuwa mai ɗigo-ɗigo a baya, wadda in ta wuce, ruwa yana biye da kwana biyu ko uku. Ta nuna mini Bargo, shimfiɗaɗɗe mai laushin baya, mai yini yana yayyafi ba tsawa ba iska. Ta nuna mini Holoƙo mai jan ƙeya, sarkin hayaniya, wanda zai kwashe jinka ya karya reshe ya tafi bai ba kowa ko kurɓi ba. Amma zuciyar karatun biyu ne, kuma dukansu manyan hadari ne masu ruwa. Ɗaya Gwauro, mai dogon tozo, bayansa wayam. Zai zubar da ruwa mai yawa sau ɗaya, daga nan sai rana. Ɗayar Uwar Garke, mai faffaɗan gadon baya, da ƙanana jere a bayanta. Ita ce ke buɗe damina.

Na gane nan take cewa Gwauro ne ya cinye mana shuka biyu. Na haddace tozonsa har ina ganinsa in na rufe ido. Ranar gwaji Kaka ta nuna gajimare arba'in da sandarta, na faɗi sunan kowanne ban yi tuntuɓe ba. Ta ce in ƙara wata guda don karatu ya zauna. Na ce gawo ba zai jira ni ba. Ta shafa kaina ta ce, "Tafi, angona. Duk inda ka ga farin bayansu za ka gane su."

Na ji wannan magana da kunnena, kuma ba ta tsaya mini a rai ba. Ita ba ta da laifi, ba ta taɓa tsayawa a ƙarƙashin hadari ba tunda aka haife ta. Ni fa? Ni da aka haifa ana ruwa? Hankalina yana kan hanya tun kafin ta gama magana.

Na zagaye Kwarin Lumshi don kada in haɗu da Tunau, na iso Tungar Gwanki ganyen gawo yana zuba. Garin ya rame. Yaran Tabawa sun zama ido da haƙarƙari, ita kuma ta yi baƙi ta ƙanƙance, amma gora tara suna nan a rataye. Aka taru a kaina, masu yi mini dariya dā suna ba ni tabarma. Na buɗe baki na yi ta zuba sunaye, Zabuwa, Bargo, Holoƙo, ina kwatanta tozo da gadon baya, mutane suna gyaɗa kai. Daɗin bakina ya kwashe ni.

Kwana biyar da dawowata, da la'asar, gabas ta haɗe. Aka yi ta kiran sunana. Na fito dandali ina taƙama, na ɗaga kai.

Baƙi. Baƙi ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan, ba tozo, ba gadon baya, ba abin da na sani. Cikinsa nake gani. Wata uku na yi ina karanta bayan gajimare, alhali mu mutanen ƙasa cikinsa kaɗai aka ba mu mu gani.

Korau, mijin Tabawa, ya ce, "To, malam, wane ne wannan a cikinsu?"

Na dubi Korau, na dubi yaran, na dubi Tabawa. Sai na yi abin da na fi iyawa. Na ce bari in duba daga bayan gari, na fita ta ƙofar yamma, da na ga ba mai ganina na cika wandona da iska. Guduwa nake, ba wani dubawa, kuma niyyata kada a sake jin labarina.

Ban kai rafin farko ba inuwar ta cim mini. Ta zo ta bayana ta wuce, bakinta yana zame mini a gaba, ina gudu tana ƙara nisa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina tsakiyar ruwan nan na ji ƙafafuna sun tsaya da kansu. Sun san wannan gudun. Shi ne ya bar su a kan gishiri.

Na koma gari jiƙe sharkaf, na tarar ana ta guɗa, maza suna fito da sungumi. Na ja Tabawa gefe na gaya mata komai, har da guduwar.

Ta ce, "Wato ba ka san komai ba."

Na ce, "Idona bai sani ba, Yaya. Ƙafata ta sani. Wannan hadarin halina gare shi. Ya zo da hayaniya, kuma ba kowa a bayansa."

Ta ce, "A kan ƙafarka zan hana yaran nan shuka?"

Na ce, "Ita kaɗai gare ni."

Ta je ta zauna a bakin ƙofar ɗakin iri, ta miƙe ƙafa.

Abin da aka yi mana da safe ba ya faɗuwa. Korau ya tona ƙasa ya nuna danshi har gwiwar hannu, yana ihu yana cewa mahaukaci da mai taurin kai za su kashe gari. Da ƙyar dattawa suka raba, aka ba shi gora ɗaya shi da masu ra'ayinsa, suka shuka. Kwana huɗu gero ya tsiro. Kullum sai na wuce ta gefen gonar nan, kore shar, mata suna yi mini habaici a bakin rijiya. Ƙafata ta yi ta ƙaiƙayi, hanyar yamma tana nan a buɗe, kuma na rantse muku zaman kwanakin nan ya fi mini hawan dutse wuya. Abin da ya riƙe ni, duk lokacin da na waiga sai in ga Tabawa a bakin ƙofa.

Sama ta bushe. A kwana na goma sha biyu geron Korau ya sunkuyar da kai, a na goma sha shida ya zama ciyawar wuta. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, don na ga Korau tsugune a gonar yana murza busasshen ganye, kuma gora ɗaya ta tafi. Mutane suka daina zagina, suka koma bina da ido, wanda ya fi zagin nauyi. Duk gajimaren da ya ɓullo sai in fita gindin gawo in shiga inuwarsa in gwada. Wani ya tsere mini, wani ya narke a kaina.

A kwana na goma sha tara, da azahar, wani hadari ya taso ba tsawa ba iska, bai ma kai na farko baƙi ba. Na jira shi a gindin gawo. Da bakin inuwar ya taɓa diddigena na fara tafiya wajen gari. Na wuce shi. Na rage sauri, na sake wuce shi. Na rage, na rage, har na koma takun tsohuwa mai ɗauke da tulu, sannan muka daidaita. Daga gawo zuwa ƙofar gari bai fi nisan kiran mutum ba, amma ni da inuwar nan mun daɗe a hanya, gari duka yana tsaye yana kallonmu, ba mai tari. Tare muka isa ƙofar Tabawa.

Na ce, "Yaya, sauko da su."

Ta ce, "Ka ga bayanta?"

Na ce, "Ban gani ba. Amma jiran wasu take."

Ruwa ya sauka a hankali, ya yini washegari. Muka shuka gora takwas, ba mu rage ko ƙwaya ba, kuma Korau ne a gaba da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina takewa, kunya bayan kunya har ƙarshenta. Sai jira. Kwana ɗaya rana. Kwana biyu rana. A na uku ma rana ta fito tas. Da la'asar sai ga Zabuwa can sama, ɗigo-ɗigo, ita kaɗai ce ashe cikinta da bayanta duk ɗaya. Kwana biyu bayan nan ruwa na biyu ya iso, na uku yana biye.

Ranar da ruwa na uku ya sauka na tarar da Tabawa a ɗakin iri ita kaɗai, ta rungume gora wofi tana kuka, ita da ba a ga hawayenta ba shekara uku. Da ta gan ni ta share ido ta harare ni, ta miƙo mini gorar.

Ta ce, "Ungo. Ka zuba ruwa in tafiyar ta motsa maka."

Ga ta can rataye a zaure, shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa zuba mata ruwa ba. Ba wai ƙafar ta daina ƙaiƙayi ba ne. Har yau yana ci mini rai ban koma na gaya wa Kaka Shekara cewa garkenta baƙin ciki gare su ba, kuma ban san ko Tunau ya gane bunsuru yake wa madalla ba. Amma duk shekara in na ce zan tafi, sai gawo ya fara kaɗe ganye.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku tambayi ƙafata. Yanzu ku janye tabarmar nan ku ba ni hanya, ga gabas can ta fara haɗewa.